Tsofaffi da biyan kuɗin asibiti ta waya

Ɗan Gwadabawa: Jama'a, wasu asibitoci a Sakkwato sun fi son a tura kuɗi ta waya, alhali iyayenmu na ƙauye ƙaramar waya suke riƙewa. Yaya za su biya kuɗin kati da na magani?

Ma'aikaciyar jinya: Malam, lambar USSD ta banki, wato wadda ake dannawa da alamar * a farko da # a ƙarshe, tana aiki a ƙaramar waya ba tare da intanet ba, matuƙar akwai asusu. Abin da ke damuna shi ne da Turanci umarnin yake fitowa, har sai tsohuwa ta miƙa wa baƙo wayarta da lambar sirrinta.

Mazaunin Mabera: Gaskiya ne, Hajiya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 jama'a suka dogara da masu POS, su kuma suna cire ladansu. Ya kamata a bar taga ɗaya mai karɓar tsabar kuɗi.