Wace irin jaka ce za ta kare sandar sinuka ga mai yawo a babur?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ina da sanda ta buga teburin manyan ƙwallaye irin na Amurka, mai gida biyu da ake ɗaurewa a tsakiya, tsawonta inci 58, nauyinta auns 19. Ɓangaren gaba guda biyu gare ni, gindi ɗaya, kuma ina da niyyar ƙara sandar fasa ƙwallaye a bugun farko nan gaba. Yanzu a 'yar jakar yadi mai zif da ta zo da ita nake sakawa. A Kano nake, yawancin zirga-zirgata a babur ne, wani lokaci a Adaidaita Sahu. Jaka mai tauri zan saya ko mai laushi? Wane girma? Kuma in na ba baduku ya ɗinka mini ta fata, za ta yi?

Amsa daga mai gyaran sanduna:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tunda babur kake hawa, ka ajiye maganar mai laushi. Jakar yadi ƙura da ƙarzuwa kawai take tarewa. In aka matse ka a Adaidaita wani ya jingina da ita, ko ta zame daga kafaɗa ta bugi kwalta, katakon ne zai sha bugun kai tsaye. Ɓangaren gaba a bakinsa bai wuce milimita 13 ba, kuma yatsunka a kansa suke zamewa, don haka ɗan lotsawa kamar ƙwayar gero ma sai ka ji shi a duk bugu.

Lambobin da ake rubutawa a jikin jaka, irin su 1x1, 2x2, 2x4, 3x5, na farko adadin gindi ne, na biyu adadin ɓangaren gaba. Abin da ke hannunka yau gindi ɗaya da gaba biyu. In sandar fasawa ta zo, ya zama gindi biyu da gaba uku. To 2x4 ce taka, rami ɗaya ya rage. 3x5 ta yi maka yawa. Da ta cika sai ta yi nauyi ta riƙa jan kafaɗa gefe guda a kan babur.

Abin da ya fi bayanta muhimmanci shi ne cikinta. Ka buɗe murfi ka leƙa da tocila. Kowane yanki ya kasance da raminsa shi kaɗai tun daga sama har ƙasa. Akwai masu araha da ramukan suke tsayawa a ɗan taƙi ɗaya daga sama, ƙasa kuwa fili ne, sandunan suna haɗuwa suna goga juna. Daga waje ba za ka gane ba. Sa yatsa ka shafa bangon ramin, ya zama an lulluɓe shi da yadi mai laushi. Tsurar roba ko soso mai kaushi yana cin fentin gindi a hankali. Sannan ka zura sandunanka, ka rufe, ka girgiza ta kusa da kunne. In ka ji ƙwas-ƙwas, ramin ya yi faɗi. Ka kifa ta da murfi a buɗe, hannunka a ƙasa yana tarewa: mai kyau za ta saki sandar a hankali, ba za ta zubo da ita gaba ɗaya ba. A ƙasan ramin kuma dole a sami matashin soso ko roba, domin duk lokacin da ka dire jakar a ƙasa, nan ne bugun yake sauka.

Amsa daga wani ɗan wasa:

Ƙari a kan bayanin Malam, ka auna kafin ka biya. Sanda mai inci 58 kowane rabi inci 29 ne, wajen santimita 74. Amma ƙusar ƙarfen da ke mahaɗi tana fitowa sama da haka, in kuma ka sa mata hular kariya sai tsawon ya ƙaru da inci ɗaya ko fiye. Saboda haka ka ɗaura hular, ka auna da tef daga robar gindi zuwa saman hula, ka nemi jakar da zurfin cikinta ya ɗara wannan kaɗan. Masu saye ta intanet nan suke faɗawa: tsawon waje ake rubuta musu, su ɗauka na ciki ne, kaya ya iso murfi ya ƙi rufuwa. Kada ka taɓa danna murfi da ƙarfi a kan ƙusa. In ta ɗan karkace, sandar ba za ta ƙara ɗauruwa a miƙe ba, gyaranta kuma sai mai injin sassaƙa.

Hular mahaɗin ita ma sai ta dace da zaren ƙusarka. Zaren iri-iri ne: akwai 5/16x18, akwai 3/8x10, akwai Uni-Loc da Radial, kuma ba sa shiga juna.

A kula kuma, mu nan duk teburi sinuka muke ce masa, amma sandunan ba ɗaya ba ne. Sandar sinuka ta ainihi, irin ta Ingila mai siririn baki wajen milimita 9 zuwa 10 da zoben tagulla, yawanci ba a tsakiya take rabuwa ba, kusa da gindi ne, ɓangaren gabanta ya haura mita ɗaya. Jakarta dogon akwati ce siririya. Mai tambaya, in mai shago ya miƙo maka wannan, ba taka ba ce.

Amsa daga wani mai kula da ɗakin wasa:

Ni abin da nake so a jaddada shi ne zafi da laima, don su ne suka fi faɗuwa ɓata sanduna a ƙasar nan. Ɓangaren gaba na irin sandarka galibi katakon maple ne, katako kuwa yana shan laimar iska yana kumbura, yana fitar da ita yana tsukewa. A Kano lokacin hunturu iska bushewa take ƙayau, a watan Agusta kuma ta cika da danshi, sannan Afrilu zafi ya haura digiri 40 a inuwa. In gefe ɗaya na katakon ya bushe kafin ɗayan, sai ya tanƙware. Jaka mai tauri mai murfin da ke rufuwa ruf tana rage saurin wannan canji, amma ba ta hana shi. A bar ta a but ɗin mota da rana, ko a jingine a jikin bangon da rana ke duka, cikinta tanda ne. Gam ɗin da ke riƙe fatar baki da farin zoben ƙarƙashinta ma yana saki.

In ka fito daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa zafin waje, ko akasin haka, bar jakar a rufe kamar minti 15 kafin ka buɗe. Da damina ka sa ɗan ƙunshin nan na tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, ɗaya ko biyu a aljihu. Da hunturu ka cire shi, bushewar da ke akwai ta isa. In ruwa ya dake ka a hanya, fitar da sandunan ka goge, ka bar jakar a buɗe a inuwa har ta bushe sarai. A gida a tsaye za ka ajiye ta, can cikin ɗaki nesa da taga. Duk wata ka kwance sandar, ka mirgina ɓangaren gaba shi kaɗai a kan teburi. In bakin yana ɗagawa yana sauka, ya fara tanƙwarewa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura maganar baduku. Kuma ta wane kai ake zura sanda, baki ƙasa ko sama?

Mai gyaran sanduna:

Baduku zai iya, amma fata kaɗai ba kariya ba ce, kwalliya ce da ƙarko. Sai an yi mata ƙashi. Ka sayi fayif ɗin roba na masu aikin famfo: mai faɗin milimita 40 guda biyu don gindi, tunda ƙarshen gindi wajen milimita 32 ne, da mai milimita 32 guda huɗu don ɓangaren gaba. A yanka kowanne daidai awon da ka yi da hula, a ƙara santimita ɗaya da rabi na matashin ƙasa. A goge bakin da samfefa har kaifin ya tafi. A ɗinka wa kowane fayif doguwar safa ta yadi mai laushi, a zura, a naɗo bakinta waje a manne. Kada a shafa gam a ciki, yana tsattsafowa ta yadin ya kama fenti. Sai a ɗaure fayif ɗin wuri guda, baduku ya rufe da fata, ya yi ƙasa mai kauri ninki biyu. Ka tabbata fatar ta bushe kuma ba ta zubar da rini: goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle ka gani. Za ta fi ta kamfani nauyi, wannan kam ka sani.

Maganar kai, siffar ramin ce ke faɗa. In ramin yana tsukewa zuwa ƙasa, baki ƙasa za ka sa. In miƙaƙƙe ne, duk wanda ka yi daidai ne, sai dai kada ƙusa ta sauka ƙasa ba hula. Ka goge allin da ake shafa wa bakin sanda kafin ka zura, domin allin yana da ɗan kaushi kamar yashi, in ya taru a rami shi zai riƙa rina katakon shuɗi yana ƙarzarsa. Allin kansa a aljihun waje, cikin 'yar robarsa.

Wani ɗan wasa:

Ni ban goyi bayan ta baduku ga mai babur ba sai in an kula da igiyar rataye sosai, don nan jaka ta fi mutuwa, ta kamfani ma haka. Duba inda igiyar ta kama jiki: ɗinki ninki biyu da ƙusar matsewa, da zobe na ƙarfe, ba na roba ba. Mafi kyau mai igiya biyu ta goyo, ta kwanta a tsaye a bayanka. In ɗaya ce, ka sarƙafa ta ƙirji, ka tsuke ta yadda ƙasanta ba zai taɓa kujera ko ya leƙa gefe mota ta ɗebe shi ba. Murfi mai zif ya fi mai maɓallin ƙarfe aminci a kan hanya, domin maɓalli kan ɓalle da girgiza. Ja zif ɗin sau goma a shago; in ya cije ko sau ɗaya ne, a canja maka wata.