"Gani ya kori ji": shin hoton majigi ma gani ne?

Malamin gona, Ringim:
Assalamu alaikum. Ina neman fahimtarku a kan karin maganar nan, gani ya kori ji. Da kaka za a tura mu ƙauyuka mu yi wa manoma bayanin adana wake a buhun PICS, mai riɓi ukun nan da ba a zuba masa magani. Shugabanmu ya ce kowa ya haɗa hotuna a kwamfuta ya tafi da majigi, domin gani ya kori ji. Ni dai raina bai kwanta ba. Hoton da aka haska a bango shi ne ganin da Bahaushe yake nufi?

Tsohon hedimasta, Gaya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ba shi ba ne. Ana faɗin wannan magana idan mutum ya daɗe yana jin labarin abu, yana kokwanto, sai ranar da ya je ya gane wa idonsa. A yi ta ba ka labarin kasuwar Dawanau, ran da ka tsaya ka ga ana loda wa tireloli hatsi layi guda, a nan za ka ce lallai gani ya kori ji. Hoton majigi kuwa kai ka zaɓo shi. Manomi zai ce a ransa, wannan waken na wane gari ne, kuma wa ya san abin da aka barbaɗa masa kafin a ɗauki hoton? Yana nan a kan ji bai gusa ba.

Waɗanda suka ƙirƙiro buhun, masana a Jami'ar Purdue ta Amurka, da aka fara yaɗa shi a 2007 ba su tsaya ga baki ba. A gaban jama'a ake zuba waken mutanen gari a ɗaure, a bar shi a hannunsu, bayan watanni a taru a kwance. Haka ma ƙungiyar bunƙasa noma ta Sasakawa da ta shigo Najeriya a 1992, da gonar gwaji ta shawo kan manoman masara. Mai wucewa yana ganin ta kusa da ta maƙwabci, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Ma'aikaciyar lafiya, Kazaure:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da fassararka, amma ina tsoron yadda mu ma'aikata muke fakewa da karin maganar mu bar bayani. Ranar awo nakan haɗa ruwan ORS, wato ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, a gaban mata, kowa tana kallo. Duk da haka idan ban buɗe baki na ce ƙunshi ɗaya cikin ruwa lita ɗaya, kuma a zubar da ragowar bayan awa 24 ba, wata za ta je ta juye shi a kofin shayi ta ba yaro. Ido yana ganin hannu yana motsi, ba ya ganin dalili. Gani yana korar shakka, amma a wurin koyarwa sai da ji.

Sakataren ƙungiyar manoman rani, Kura:
Hajiya ta yi gaskiya. Kuma kada a raina majigi gaba ɗaya. Ƙwan ƙwaron da ke manne a jikin wake ƙanƙane ne, dattijo ba zai lura da shi a tafin hannu ba, amma in aka girmama hoton kowa zai gane cewa ɓarnar tun daga gona take biyo wake. Hoto biyu ko uku sun isa. Abin da ke kashe taro shi ne rubutu cike da bango, mai bayani ya juya wa mutane baya yana karantawa. Sannan Malam, ka bar maganar kilo da hekta a ofis. Ka yi lissafi da kwano da buhu.

Malamin gona, Ringim:
Na gode ƙwarai. To in na fahimta, buhun da waken su ne gani, hoto ɗan rakiya ne. Abin da zan faɗa da baki shi ne dalilin: in an ɗaure, iskar ciki ce take ƙarewa, ƙwaron ya daina ci da hayayyafa, ya mutu. Don haka huda ɗaya ta ɓera ko ƙaya tana rushe aikin.

Manomi, Auyo:
Malam, mu da ake yi wa bayanin bari mu sa baki. Duk abin da suka faɗa haka ne, amma akwai saura. Kada ka ɗaure buhun da kanka. Kira ɗaya daga cikinmu ya duba ledojin ko da huda, ya matse iskar, ya murɗe bakin leda ta farko ya ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje. A nan za ka ga inda muke kuskure, domin da yawa haɗa ukun suke su ɗaure lokaci ɗaya. Ka kuma zo da wake mai ɗanyi-ɗanyi da busasshe a ba mutane su gatsa su ji bambanci, tunda wanda bai bushe ba lalacewa yake ko a wane buhu. Kuma don Allah kada a sa mana taron ranar kasuwa.

Tsohon hedimasta, Gaya:
Madalla da mutumin Auyo. Sai dai ɗana, ka tabbatar buhun gwajin a gidan wani mutumin garin zai zauna, wanda kowa ya yarda da amanarsa, ba a ofishinku ba. In kai ka tafi da shi ka dawo da shi, ran buɗewa za a ce an sauya waken.