Kwaɓin burodina ya wuce tashi, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawara a kan burodin nan da ba a murza kwaɓinsa, wanda ake haɗa fulawa kofi 3 da yis rubu'in ƙaramin cokali da gishiri da ruwa, a rufe a bar shi awa 12 zuwa 18. Na kwaɓa da magariba a nan Kano, da gari ya waye sai na tarar ya kumbura ya sake zubewa, yana warin tsami, yana malala a kan faranti. Da na gasa shi kuwa a baje ya fito, bayansa fari fat. Me ya jawo haka, kuma ana iya ceto shi?

Wata uwargida: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zafin gari ne ya yi miki wannan aiki. Wannan tsari na Jim Lahey ne, mai gidan burodi a New York, wanda jaridar New York Times ta yaɗa a 2006, kuma an auna awannin ne da ɗaki mai digiri 21, alhali a bazara ɗakin girkinmu yakan haura 30 har cikin dare. Yis yana sauri a zafi, ya cinye sukarin fulawar, shi ya sa bayan burodin bai yi ja ba. Tsamin da ya taru kuma ya kashe danƙon kwaɓin, ya kasa riƙe iska. Ki daina duba agogo, ki duba kwanon: da zarar ya ninka, samansa ya cika da ƙananan kumfa, to ya isa. Ki kwaɓa da ruwan randa, ki rage yis, ko ki sa kwaɓin a firji idan kuna samun wuta.

Wani mai gidan burodi: Hajiya ta yi gaskiya. Game da ceto, idan bai narke sosai ba, a barbaɗa fulawa, a ninke shi a kan kansa har ya ɗan yi ƙarfi, a bar shi kamar rabin awa, sannan a zuba a tukunyar ƙarfe mai murfi da ta riga ta ɗauki zafin digiri 230. Idan an danna da yatsa ramin bai taso ba sam, ya wuce gyara. A baza shi a kasko a gasa kamar gurasa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau da asuba zan kwaɓa domin in riƙa leƙa shi da idona.