Wayoyi nawa ya kamata a zura a fayif mai milimita 20?

Mai Gini a Kano:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana aikin wuta. Ina ginin gida, an riga an binne fayif na roba mai milimita 20 a bango an yi filasta, kuma yanzu aka zo kan jan waya. Daga akwatin rarraba wuta zuwa falo tazarar ta kai mita 6, kuma fayif ɗin ya yi kwana biyu a hanya. Mai yi mini wayarin yana so ya zura layi uku na waya mai 2.5 a cikinsa, biyu na soket, ɗaya na na'urar sanyaya ɗaki, kowanne da wayar wuta da ta nutiral da ta ƙasa, wato wayoyi tara ke nan. Jiya na tsaya a kansu ina kallo, yaronsa yana turawa daga ƙasa, shi kuma ya naɗe igiyar ja a hannu yana ja har da dafa bango da ƙafa. Da na yi magana sai ya ce ai muddin sun shiga babu matsala. Shin akwai ƙa'idar lissafin wannan, ko kuwa da ido ake yi?

Injiniyan Lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ƙa'ida, kuma da yake aikin wayarin a Najeriya ya fi bin tsarin Ingila, zan yi maka lissafin da jadawalin da ake amfani da shi tare da ƙa'idar wayarin ta Ingila, wato BS 7671. A wannan tsari kowace waya tana da lambar awonta, kowane fayif ma yana da tasa, wadda take raguwa gwargwadon tsawonsa da yawan kwanarsa. Sai a tara lambobin wayoyin, a tabbatar jimillar ba ta wuce ta fayif ɗin ba.

A hanya mai kwana, lambar waya mai 2.5 ita ce 30, mai 1.5 kuma 22. Fayif mai milimita 20 da ya yi tsawon mita 6 da kwana biyu lambarsa 182 ce. Wayoyi tara sau 30 sun ba da 270, ka ga sun zarce sosai. Ko da an mayar da wayoyin ƙasa guda ukun zuwa 1.5, jimillar za ta tsaya ne a 246, wadda ita ma ta wuce. Abin da wannan fayif zai ɗauka shi ne wayoyi shida, wato layi biyu. Da a ce mai milimita 25 aka binne, lambarsa a wannan tsawo da kwana 333 ce, da duka taran sun shiga lafiya.

Tsohon Mai Wayarin:
Injiniya, ban ƙi lissafinka ba, amma mu da muka daɗe a aikin hannu mun sha zura tara a mai 20, kuma gidajen suna nan. Sai dai gaskiya ɗaya ce, a gajeriyar hanya miƙaƙƙiya ne abin yake tafiya salin alin. Da zarar an sami kwana, musamman wadda aka lanƙwasa da wuta har bakin fayif ɗin ya tsuke, to a nan ne robar waya take ɗayewa ba tare da kowa ya gani ba. Na taɓa zare wata waya a gidan da wutarsa take yawan yankewa, na tarar tagullarta a waje wajen tsawon ɗan yatsa, daidai kan kwana. Malam, idan har ka ga mutum ya dafa bango da ƙafa yana ja, ka sa a zare wayoyin nan a duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a ci gaba.

Injiniyan Lantarki:
Baba, maganarka ta dace da jadawalin, domin a miƙaƙƙiyar hanya da ba ta wuce mita 3 ba, lambar mai 20 tana kaiwa 460, ta waya mai 2.5 mai silli-silli kuma 43, wato har goma za su shiga. Amma shiga daban, ɗaukar wuta daban, kuma wannan ne ya fi damuna. Waya mai 2.5 a cikin fayif da aka binne a bangon bulo tana ɗaukar amfiya 24 ne (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) idan layi ɗaya ne kuma zafin wurin digiri 30 ne. Idan layi uku suka haɗu suna dumama juna, sai a ninka da 0.70, idan kuma zafin ya kai digiri 40, abin da ba baƙo ba ne a Kano a watan Afrilu, sai a sake ninkawa da 0.87. Abin da ya rage bai cika amfiya 15 ba. To idan bireka (na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa) mai amfiya 20 aka sa, waya za ta iya yin zafi fiye da kima alhali birekar ba ta faɗi ba, roba ta riƙa bushewa a hankali har ta tsage. Da layi biyu kuwa lissafin yana ba da kusan 16.7, sai a sa musu bireka mai 16.

Ɗalibar Kwalejin Fasaha:
Ga wanda ba shi da jadawalin a hannu, akwai hanyar Amurka: idan wayoyi sun wuce biyu, kada su cika fiye da kashi 40 cikin ɗari na cikin fayif. A lura cewa 20 awon bayan fayif ne, cikinsa kimanin milimita 17 ne, kuma 2.5 awon tagulla ne kawai, ban da robar da ta lulluɓe ta, wadda take kai kaurin wayar kusan milimita 4. Da wannan lissafi wajen bakwai ne za su samu wuri, don haka ko ta nan ma tara ba ta yiwu ba.

Mai Gini a Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tunda ba a yi fenti ba tukuna, na ce masa gobe a zare duka a duba, a bar layin soket biyu a tsohon fayif, a fasa bango a binne wani daban domin na'urar sanyaya ɗakin. Ya ce kuɗin fasa bango da gyaran filasta a kaina yake, kuma na amince.