15 ga Janairu: ranar 'yan mazan jiya ce ko ranar Sardauna?

Malam Hedimasta: Assalamu alaikum jama'ar zaure, ya sanyi? Yau 15 ga Janairu. Da safe hazo ya rufe gari har ba a hango rimin bakin kasuwa, sai na fito da 'yan aji shida bakin rana na karanta musu abin da ya faru a rana irin ta yau. A 1918 aka haifi Jamal Abdul Nasir, wanda ya zama shugaban Masar, a Iskandariya. A 1929 aka haifi Martin Luther King, mai fafutukar 'yancin baƙar fata, a Atlanta ta Amurka. A 1966 sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna, suka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas. A 1970 Biyafara ta miƙa wuya, shi ya sa yau ake tunawa da 'yan mazan jiya.

Alhaji Mai Taki: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya gafarta, ni fa wannan jerin bai kwanta mini ba. Ka sa kisan Sardauna a tsakiya kamar wani kaya cikin kaya. Kuma bari in faɗi abin da na daɗe ina faɗa: da gangan aka ɗora ranar sojoji a kan wannan rana don a binne zancen Gamji. Duk shekara sai a nuno mana Abuja ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru, ba mai ambaton wanda sojoji suka shiga gidansa da dare suka harbe shi tare da matarsa Hafsatu. Kwana 365 ne a shekara, sai wannan kaɗai suka gani?

Yaya Malamar Asibiti: Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yin wannan biki, irin na Ingila, ranar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsaya a 1918. An dawo da shi Janairu ne saboda ranar da Philip Effiong, mataimakin jagoran Biyafara Ojukwu, ya zo barikin Dodan a Legas ya miƙa wa Gowon wuya, bayan Ojukwu ya tsere Kwaddebuwa. Ba wani ne ya zauna ya zaɓi ranar don ya ɓata wa Arewa rai ba. Ranar ce yaƙin basasa ya ƙare.

Alhaji Mai Taki: Yaya, Effiong ya yi sanarwarsa a rediyo tun ranar 12. Me ya hana a ɗauki 12?

Yaya Malamar Asibiti: Sanarwar ajiye makami daban, zuwa gaban shugaban ƙasa a miƙa wuya daban. Ko a kasuwa, ba ranar da aka yi ciniki ake cewa an sayi gona ba, sai ranar da aka biya gaban shaidu.

Baba Liman: Ku dakata in ba ku abin da idona ya gani, don ni a lokacin na kai shekara goma sha uku. Ku kuna cewa Janairu, mu a ƙauye ba mu san wata Janairu ba. Abin da muka sani ranar Asabar ce, da azumi a baki, har ya haura ashirin. Rediyo ɗaya ce a garin nan, ta gidan dagaci. Muna zaune a gindin wutar kara da hantsi saboda sanyi, sai muka ga manya suna tafiya ƙofar gidan dagaci ɗaya bayan ɗaya, ba mai magana. Mahaifina ya dawo ya zauna a kan buzu ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin kansa babu hula a waje ba sai ranar. Da aka sha ruwa, innarmu ta kawo kunun tsamiya, har ya huce ya yi fata a sama ba wanda ya ɗauki ludayi. Kuma ku sani, mahaifina ɗan NEPU ne na Malam Aminu Kano, ya sha wuya a hannun 'yan doka saboda siyasa, bai taɓa jefa wa NPC, jam'iyyar Sardauna, ƙuri'a ba. Amma ranar cewa ya yi an yi mana ɓarna. Sallar wannan shekara ta zo mana ba daɗi.

Ɗan Autan Zaure: Allahu akbar. Baba, wallahi ban taɓa sanin da azumi abin ya faru ba.

Alhaji Mai Taki: To kun ji. Wannan ita ce ranar da nake nufi. Mutumin da ya kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kafa gidan rediyon Kaduna, jaridar New Nigerian ma ta fara fita mako biyu kacal kafin a kashe shi. Irin wannan za a haɗa ranarsa da faretin sojoji?

Kawu Direba: Alhaji, ƙanina, ka yi haƙuri zan saɓa maka, kuma da zuciya ɗaya. Kana magana kamar sojoji duka ne suka yi kisan. A daren nan sojoji nawa aka kashe? Birgediya Zakariya Maimalari, wanda barikin Maiduguri ke ɗauke da sunansa. Kanar Kur Muhammad. Laftanar Kanar Abogo Largema. Laftanar Kanar James Pam. Birgediya Ademulegun da matarsa a Kaduna, Kanar Shodeinde, har da Laftanar Kanar Unegbe wanda shi Ibo ne. Su Nzeogwu da Ifeajuna da suka jagoranci juyin mulkin, manyansu suka fara yi wa kisan gilla. Waɗannan ba su cancanci a tuna da su ranar ba?

Sannan yayana da muke ciki ɗaya ya shiga soja a 1968, ya tafi bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari. Mahaifiyarmu ta naɗe tabarmarsa ta jingine a kusurwar ɗaki, ta hana kowa shimfiɗawa har ta rasu. Na yi shekaru ina jigilar takardu daga wannan ofis zuwa wancan kan haƙƙinsa, har takardun suka yage a aljihu. Ni idan na ga an saki tantabarun nan, shi nake tunawa. Don Allah kada a ce ranar ba tamu ba ce.

Alhaji Mai Taki: Allah ya jiƙansa, Kawu. Ban san da wannan ba. Ban ce a manta da irinsu ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa sunan Sardauna da na Ɓalewa ba sa fitowa a bakin hukuma ranar kamar yadda ya kamata.

Yaya Malamar Asibiti: Wannan magana ce daban da wadda ka fara, Alhaji. "Ba a ambatonsu sosai" zan iya yarda da kai. "Da gangan aka shirya" ita ce ba ka kawo mata hujja ba.

Malam Hedimasta: Bari in kare kaina kan su Nasir da King, don ba cike gurbi na yi da su ba. Nasir ne ya ƙwace mashigin Suwez daga hannun Turawa a 1956, shi ya ɗauko aikin babbar madatsar Aswan, kuma an ƙaddamar da ita ranar 15 ga Janairun 1971, watanni kaɗan bayan rasuwarsa. Yaran da nake koyarwa iyayensu da ruwan Tiga suke noman alkama da tumatir. Da na ce musu wani shugaba ya tare kogin Nilu don manoma su yi noman rani, nan take suka gane. King kuwa ya zo Legas a Nuwambar 1960 wajen rantsar da Azikiwe, kuma shi ma harbe shi aka yi a 1968 yana da shekara 39. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa ake harbe su?" Har aka kaɗa ƙararrawa muna kan wannan tambaya.

Baba Liman: Nasir ɗin ma ba kowa ke yabonsa ba, a mulkinsa aka rataye malamin nan Sayyid Ƙuɗub a 1966 ɗin nan. Idan za ka faɗa musu, Malam, ka faɗa musu duka.

Malam Hedimasta: Na karɓa, Baba. Amma ina da roƙo. Abin da ka ba mu yanzu babu shi a littafin da ke hannuna. Ko za ka zo makaranta ranar Litinin ka ba yaran da bakinka? Kawu, kai ma ina so ka zo da sunayen nan.

Kawu Direba: Ina da lodin tumatir zuwa 'Yankaba da asuba, amma in sha Allahu kafin azahar na dawo. A sa ni bayan tara.

Alhaji Mai Taki: Ni ma zan zo. Akwai hoton Sardauna a shagona da na gada wajen mahaifina, zan goge shi in taho da shi. Amma maganar 12 da 15 ba mu gama ba, Yaya.

Baba Liman: Malam, a shimfiɗa mini tabarma a inda rana ke bugawa, ƙafafuna ba sa son sanyin siminti.