Neman kalma: "uptake" da Ks a lissafin naitirojin na tsirran teku

Malama Rabi: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar darasi kan yadda faitofilanktan, wato ƙananan tsirran teku, ke ɗaukar naitirojin daga ruwa. Abu biyu sun tsaya mini a rai: "uptake", sai Ks na cikin V = Vmax × S ÷ (Ks + S), inda V ne saurin ɗauka, Vmax iyakar saurin, S kuma yawan sinadarin a ruwa. Lissafin Michaelis da Menten ne da masani Dugdale ya ɗora wa tsirran teku a 1967.

Dakta Sale: Ki sa "zuƙa". Ban da "ci", domin shigar naitiret (wani nau'in naitirojin da ke ruwa) cikin ƙwayar halitta daban, moriyarsa daban. Sai an juya shi zuwa naitirait, sannan amoniyam, kafin ya shiga ginin furotin. Shi ya sa in amoniyam ya yawaita a ruwa, zuƙar naitiret kan ja baya.

Malam Garba: Ks kuwa "rabin ƙoshi". Ko yaro ya ji ya gane.

Dakta Sale: Ya gane a baibai, Malam. Ks yawan sinadarin ne a cikin ruwa, daidai inda saurin zuƙa ya kai rabin Vmax. A ce Ks 0.5 ne. In S ya zama 0.5, rabi ke nan. Sai S ya kai 4.5 a sami kashi 90 cikin ɗari. Ƙoshi kuwa a cikin ƙwayar yake, wato Q na lissafin masani Droop, 1968, inda girma ke bin abin da aka tara a ciki. Ƙwayar da ta sha yunwa takan zuƙi fiye da bukatar girmanta. In kika ba Ks ƙoshi, me za ki kira Q?

Malam Garba: To ku da kuka bar "faitofilanktan" tana ɓaɓatu a tsakiyar Hausa? Gansakuka fa? Boko ya sa kuna jin kunyar harshenku.

Hajiya Ladi: Haba Malam. Gansakuka ido na ganinta maƙale a jikin dutse, waɗannan kuwa shawagi suke, sai da madubin ƙara girma. "Tsirran shawagi" ya fi.

Malam Garba: Lilo ke nan ko jirgin sama?

Malama Rabi: Don Allah a dawo kan Ks, dare na yi.

Dakta Sale: "Ma'aunin rabin sauri". Ki ƙara layi ɗaya: ƙaramin Ks na nufin iya zuƙa ko da sinadarin ya yi ƙaranci, kamar tsirran tsakiyar teku.

Malama Rabi: Na ɗauki zuƙa da ma'aunin rabin sauri. Ƙoshi na ba Q.

Malam Garba: Ya yi tsawo, ba wanda zai faɗe shi a aji. Amma tunda ƙoshina ya shiga, shi ke nan. Maganar gansakuka dai tana nan.