Tsakuwa a matsarmama: ko abinci zai raba ni da wuƙar likita?

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 39, haihuwata huɗu. Wata uku ke nan da wani ciwo ya fara turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ranar farko cikin dare ya zo, bayan na ci soyayyen nama mai kitse. Na ɗauka olsa ce. Ciwon ya ɗaure ni tamau ya haura har allon kafaɗata, zama ya gagara, kwanciya ta gagara, awa biyu ina safa da marwa a ɗaki riƙe da gefen ciki, sai da na yi amai sannan ya lafa. Sau biyu ya dawo bayan wannan. Hoton ciki ya nuna tsakuwa uku a matsarmama, babbar milimita 11. Likita ya ce a cire matsarmamar ɗungurungum. Ni da ko allura sai an yi da gaske, balle tiyata.

Da na gaya masa bara na zubar da kilo 14 cikin wata biyu, don na daina karin kumallo da abincin dare, sai kawai ya girgiza kai. Ban gane dalili ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Yanzu ƙanwar maigidana ta turo min bidiyo: wai a sha rabin kofi na man zaitun da ruwan lemon tsami kafin barci, da safe tsakuwar ta fita ta bayan gida. Akwai wanda ya gwada? Kuma idan na gyara cimata, tsakuwar za ta narke?

Anti Mai Ɗinki:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ni na gwada, kuma da bakina nake gaya miki kar ki yi. Na toshe hanci na ɗaɗɗaki man nan, na kwana ciki na juyawa. Da safe kuwa sai ga ƙwallaye kore-kore, wasu kamar ƙwayar wake, wasu sun fi haka. Murna kamar an yi min bushara. Na wanke su na zuba a kwalba don in kai wa likita ya ga ikon Allah. Kwalbar ta wuni a taga, rana na dukanta. Da la'asar na ɗauko, babu ƙwallo ko ɗaya, sai wani koren mai yana reto a gindin kwalba. Na koma hoto bayan sati biyu: tsakuwata tana nan inda na bar ta, ko gezau. Shekara biyu ke nan da aka cire min matsarmamar. Zawo ya ɗan dame ni watan farko, daga nan shi ke nan.

Tsohuwar Nas:

'Yata, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da Antinki ta gani a kwalba sabulu ne, ba wasa nake ba. Mai da ruwan lemo idan suka haɗu da ruwan narkar da abinci a hanji, dunƙulewa suke yi. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga bayanin wasu masu bincike a ƙasar New Zealand da suka auna irin waɗannan ƙwallaye daga wata mata: babu kolestirol (wani nau'in kitse) a ciki, babu kalsiyam, sinadaran da ake samu a tsakuwar gaske, da aka ɗumama su suka narke. Tsakuwar gaske ba ta narkewa a taga. Kuma ki duba taki: milimita 11, alhali bututun da ruwan ɗaci ke bi zuwa hanji faɗinsa bai fi kamar milimita 6 ba. Ta ina za ta wuce? Abin tsoron ma shi ne rabin kofin mai yana sa matsarmama ta matse da ƙarfi, ta tura ƙaramar tsakuwa ta maƙale a hanya.

Ga dalilin girgiza kan likitanki. Hanta ce ke yin ruwan ɗaci, matsarmama ma'ajiya ce kawai, 'yar jaka da ba ta ɗaukar fiye da cokali uku zuwa huɗu. Sai kin ci abu mai ɗan maiƙo take matsewa ta zubar. Idan kika wuni da yunwa, ruwan ya kwanta ya yi kauri. A lokaci guda kuma, jiki mai saurin ramewa yana tura kolestirol da yawa cikin ruwan ɗacin. Wanda ke zubar da fiye da kilo ɗaya da rabi a sati yana cikin haɗari, ke kuwa kin zarce haka. Ki haɗa da ciki huɗu, don sinadaran jikin mace lokacin goyon ciki su ma suna taimaka wa tsakuwa. Ba faɗa nake miki ba, da yawa ba a gaya musu.

Batun abinci kuma, yana rage tashin ciwo, yana kare wanda bai kamu ba, amma ba ya narkar da abin da ya riga ya daskare. Akwai ƙwaya, ursodiol, da ke narkar da ƙananan tsakuwar kolestirol, sai dai ana shan ta wata shida har shekara biyu, kuma kusan rabin waɗanda ta yi wa aiki tsakuwar kan dawo musu cikin shekara biyar. Kafin ranar aiki: ki ci sau uku ko huɗu kaɗan-kaɗan, ki bar suya da kitse da fatar kaza, ki yawaita ganye, wake, 'ya'yan itatuwa da hatsin da ba a cire masa dusa ba, ki rage sukari. Kar ki yanke mai kwata-kwata, cokali guda a girki ya wadatar.

Ranar da ciwo ya wuce awa biyar bai sake ki ba, ko zazzaɓi ya shigo da rawar sanyi, ko idonki ya yi ɗorawa kamar mai shawara, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, kar ki jira gari ya waye.

Malam Direba:

Hajiya Nas, da girmamawa, amma ba kowa ake yanka ba. Ni shekara 7 da aka ga tsakuwa a cikina, wajen hoton ƙoda ma aka ci karo da ita. Na rage maiƙo, ina tattaki minti 30 kullum da asuba, ina shan kurkum a ruwan ɗumi. Ko ciwon kai ba ta taɓa sa ni ba. Me zai hana baiwar Allah ta bi wannan hanyar?

Tsohuwar Nas:

Malam, gaskiyarka a kan kanka. Wajen mutum 8 cikin 10 masu tsakuwa haka suke, tana kwance shiru, kuma likitoci ba sa taɓa irinta. Taka ba ta taɓa magana ba, tata ta yi magana sau uku cikin wata uku, kuma wadda ta fara ba kasafai take dainawa ba. Tattakin nan ka riƙe shi. Kurkum ɗin ne nake ɗari-ɗari da shi gare ta, don shi ma yana sa matsarmama matsewa. Na cikin girki ba komai, amma kar ta sha na ƙwaya.

'Yata, aikin ba sabo ba ne. Tun 1882 wani likita, Carl Langenbuch, ya fara cire matsarmama a birnin Balin na Jamus, kuma tun 1985 aka fara yi ta 'yan ƙananan huji da kyamara, shi ma a Jamus. Galibi huji huɗu ne, a kwana ɗaya ko ma a koma gida a ranar. Hanta za ta ci gaba da zubo ruwan ɗaci kai tsaye cikin hanji.

Maman 'Yan Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na karanta wa maigidana labarin kwalbar nan, ya yi dariya har da tari, ya ce shi zai tura wa ƙanwarsa da kansa. Man zaitun ɗin da na riga na saya ya koma kicin. Ranar Talata zan koma wurin likita in tambaye shi ko ta huji za a yi. Mama Nas, saura abu ɗaya: 'yan biyun nan shekararsu biyu, ba sa sauka daga jikina. Bayan aikin, sati nawa zan yi kafin in ɗauke su?